Kiwo a Gundumar Dakoro: Tsoka da Nama Gado Ne, Sai a Kula da Uban Garke

Garin Dakoro yana arewa da birnin Maraɗi da tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, daidai inda ƙasar noma take ƙarewa ƙasar kiwo take somawa. Kudu da garin gonakin hatsi da wake ne na ƙasar Kornaka. Arewa kuwa, in an ƙetare kwarin Tarka, sai fili mai faɗi wanda ya miƙe har Bermo da dajin Gadabeji. Dokar ranar 26 ga watan Mayu na shekarar 1961 ita ce ta sa wa noma iyaka daga arewa, ta bar abin da ke bayan iyakar ga makiyaya. Don haka yawancin arzikin wannan yanki a kan ƙafa huɗu yake tafiya: shanu, tumaki, awaki da raƙuma, na Fulani da na Buzaye da na Hausawa.

Duk wanda ya shiga kasuwar bisashe ta Dakoro ko ta Sakabal ya ga yadda mahauci yake ciniki. Ba ya tsayawa ga kallo kawai. Yakan dafa gadon bayan sa, ya matsa cinya, ya taɓa gindin wutsiya, sa'an nan ya yi tayi. Sau da yawa akan kawo shanu biyu, shekarunsu ɗaya, rijiya ɗaya suka sha, ciyawa ɗaya suka ci, amma ɗaya ya cika da tsoka, ɗayan kuwa ƙashi da fata sun fi yawa. In an tambayi makiyayi dalili sai ya ce asali ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masana kimiyya sun daɗe suna bin wannan magana, sun kuma tabbatar da ita, har sun kai ga gano wurin da asalin yake ɓoye a cikin jikin dabba.

Abin da ake nufi da gado

Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ake kira zaren gado. Saniya tana da 60, akuya 60, tunkiya 54. Biyu-biyu suke tafiya: ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A jikin zarurrukan nan akwai wani rubutu mai haruffa huɗu kacal, wanda masana ke kira ADN, kuma kowane yanki na rubutun da ke ba da umurni guda shi ne ƙwayar gado. Saniya tana da ƙwayoyin gado sama da dubu 20. Wata tana faɗin launin gashi, wata tsawon ƙaho, wasu kuma da yawa suna haɗuwa su tsara girman jiki da yawan nono da jure wa ƙishirwa.

Wani malamin majami'a mai suna Giregor Mendel, a garin Birno na ƙasar Cek ta yau, shi ya fara bayyana ƙa'idar gado a shekarar 1865, bayan ya yi shekaru yana barbarar waken Turawa a lambunsa. A 1953 aka gane siffar ADN. A 2009 aka kammala karanta rubutun gado na saniya. Abin da binciken ya nuna game da girma shi ne: in aka kwatanta shanun garke ɗaya, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin saurin girmansu daga gado yake, sauran kuwa daga abinci da ruwa da lafiya da kulawa. Watau gado shi ne yake sa iyakar inda dabba za ta iya kaiwa, kiwo kuma shi ne yake kai ta can ko ya bar ta a hanya.

Yadda tsoka take ginuwa

Tsoka dami ce ta zarurruka sirara. Yawan zarurrukan nan tun a ciki ake ƙaddara shi. Ga saniya, kafin cikin ya wuce wata shida yawancinsu sun riga sun samu. Bayan haihuwa ba sa ƙaruwa, sai dai kowane ya yi kauri da tsawo. Wannan magana tana da nauyi ga makiyayan Dakoro, domin yawancin shanu da damina ko da kaka suke ɗaukar ciki, su ratsa rani da shi, lokacin da ciyawa ta bushe rijiya ta yi nisa. Saniyar da ta sha yunwa da ciki takan haifi maraƙi mai ƙarancin zaren tsoka, ko da ubansa bijimin kirki ne. Dusa da harawar da aka ba shi daga baya za su sa shi ƙiba, amma ba za su mayar masa da abin da ya rasa tun yana ciki ba.

Jiki kuma yana da linzamin da yake tsayar da tsoka kada ta wuce kima. A shekarar 1997 wasu masana biyu na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron, suka gano ƙwayar gadon da ke wannan aiki, aka sa wa sinadarin da take yi suna miyostatin. Da suka kashe ƙwayar a jikin ɓeraye sai tsokarsu ta ninka biyu, wani wuri har uku. A cikin shekarar nan dai masanan jami'ar Liyej ta Beljik suka nuna cewa wani irin shanu na ƙasarsu, mai launin fari da shuɗi, wanda cinyarsa take kamar an cusa buhu, haruffa 11 ne suka faɗi daga wannan ƙwaya tasa, linzamin ya tsinke. Shanun suna ba da nama da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 20 cikin 100, mai taushi, marar kitse. Amma maraƙin yakan yi girman da uwar ba ta iya haifarsa, don haka yawancin haihuwarsu sai likitan dabbobi ya tsaga ciki. Zuciyarsu da huhunsu ƙanana ne in an kwatanta da jikin, ba sa jure zafi, ba sa jure tafiya. Irin wannan sa ba zai kai rijiya ba a watan Afrilu a arewacin Tarka.

Darasin da aka samu daga alade

Alade ba dabbar kiwo ba ce a Dakoro, Musulmi kuma ba sa cin namansa. Duk da haka a kansa ne Turawa suka fi zurfafa binciken tsoka da nama, saboda yana haihuwa da yawa kuma da sauri, abin da aka gano a jikinsa kuwa ya zama gargaɗi ga masu kiwon kowace dabba.

Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Turai suka daina son kitse, suka koma neman jan nama zalla. Masu kiwo suka dinga zaɓen aladun da suka fi tsoka, musamman wani iri na ƙauyen Piyetiren a Beljik. Tsoka ta ƙaru kamar yadda aka so, amma sai wata masifa ta biyo baya. Dabbobin suka zama masu saurin firgita: in aka loda su a mota, ko rana ta yi zafi, sai jikinsu ya sandare ya yi zafi, su faɗi matattu. Waɗanda suka kai mayanka kuwa namansu yakan fito fari-fari, ya yi laushin banza, yana tsiyayar da ruwa, in an dafa ya tsuke ya bushe. A shekarun 1970 aka gano cewa in aka shaƙa wa ɗan alade maganin barci mai suna halotan, mai wannan lahani yakan sandare, aka riƙa tace su da haka. Sai a 1991 masana a Kanada suka gano tushen abin: harafi ɗaya tak ya canja a ƙwayar gadon da ke tsaron ƙofar da sinadarin kalsiyam yake fita zuwa cikin tsoka. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, tsoka tana ta aiki ba hutu, bayan yanka kuma tsami yakan hau naman da sauri tun yana da ɗumi, ya lalata shi. Lahanin bai cika bayyana ba sai ga wanda ya gaje shi daga uba da uwa duka. Wanda ya gaji ɗaya yakan yi kamar lafiyayye, yana yaɗa shi cikin garke.

A shekarar 2000 aka gano wata ƙwaya a wani iri mai suna Hamsha, wadda take tara sukari da yawa a tsoka, naman ya yi tsami ya rage auki wajen dahuwa. A 2003 kuma masanan Suwidin da Beljik suka gano canjin harafi ɗaya a wata ƙwayar girma, wanda yake ƙara tsoka da kashi 3 zuwa 4 cikin 100, ba ya kuwa aiki sai in daga uba aka gaje shi. Darasin a fili yake. Wanda ya bi siffa ɗaya ya rufe ido ga sauran, yakan sami abin da ya nema tare da abin da bai nema ba, kuma gyaran ɓarnar yakan ci shekaru da dukiya mai yawa. Yawan nama daban, kyan nama daban.

Shanu da tumakin Dakoro

Iri biyu na shanu suka fi yawa a wannan yanki. Akwai Azawak, mai gajeren ƙaho da matsakaicin tsayi, wadda ta yi suna wajen nono a Afirka ta Yamma, tana kuma saurin ƙiba in an turke ta. In aka yanka sa na Azawak mai ƙoshi, naman da ƙashinsa, ban da kai da fata da kayan ciki, yakan kai kusan rabin nauyinsa. Akwai kuma jan shanun Bororo, dukiyar Woɗaɓe, masu dogon ƙaho da dogayen ƙafafu da ƙashi mai kauri. Abin da mahauci yake samu a jikinsu bai kai na Azawak ba. Amma wanda ya raina su don haka bai san aikinsu ba: su ne suke tafiyar kwana da kwanaki zuwa inda ruwa ya sauka, su zaɓi ciyawa mai amfani su bar marar amfani, su bi muryar mai su ba tare da sanda ba. Doguwar ƙafar da ta rage wa mahauci riba ita ce take fid da garke daga fari.

Woɗaɓe kuwa ba da ka suke barin barbara ba. Suna kiran saniya da sunan zuriyar uwarta, suna riƙe da tarihin kakanninta a ka, suna dandaƙe yawancin maruƙa maza su bar kaɗan waɗanda suka yarda da asalinsu, wani lokaci ma su yi doguwar tafiya don aron bijimi daga wani garke. Al'adar haɓɓanaye, wadda mutum yake ba ɗan'uwansa aron karsana ya riƙe ta har ta haifa masa ƴaƴa kafin ya mayar, ita ma tana yaɗa jini mai kyau daga ruga zuwa ruga. Wannan ilmi ne na zaɓen iri, ko da ba a rubuce yake ba, ya kuma kamata ma'aikatan kiwo su ɗauke shi a matsayin haka.

Game da taushin nama, bincike a Amurka da Ostireliya ya nuna cewa shanu masu tozo, irin su Azawak da Bororo, namansu ya fi na shanun Turai tauri. Bayan yanka akwai wani sinadari mai suna kalpayin da yake sassauta zarurrukan tsoka sannu a hankali, akwai kuma wani mai suna kalpastatin da yake taka masa birki. Masu tozo sun fi yawan na biyun. To amma a cikin masu tozon ma akwai bambanci tsakanin zuriya da zuriya, watau ana iya zaɓe. Sa'an nan ba duk tauri ne na gado ba. Tsohon sa ya fi matashi jijiya. Dabbar da aka koro daga nesa ko aka cusa cikin mota kwana biyu ba ruwa, aka yanka ta nan take, sukarin tsokarta ya riga ya ƙare, namanta yakan yi baƙi ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. Mai kilishi, wanda yake neman tsokar cinya marar kitse marar jijiya mai feɗuwa kamar takarda, ya san wannan bambanci da hannunsa. Haka ma mai tsire da mai balangu, waɗanda su kuwa ɗan kitse suke so a cikin naman.

Wajen tumaki, Balami fari mai dogon kunne shi ne sarkin turka a jahar Maraɗi, sai Uda mai launi biyu, sai Ara-ara ta Buzaye wadda ta fi su jure ƙishirwa. Kowane iri da wurin da ya dace da shi.

Aikin gidajen kiwo na gwamnati

Ƙasar Nijar ta daɗe da fara wannan aiki. Tashar Tukunus ta gundumar Filinge tana zaɓen Azawak tun shekarar 1954, ana auna nono, ana auna nauyi, ana rubuta asalin kowane maraƙi. A 1963 aka buɗe gidan kiwon awaki na Maraɗi domin tsare jar akuya, wadda take yawan haifar tagwaye, fatarta kuma ta yi suna a Turai tun zamanin fatake masu ratsa Sahara. Bayan farin 1973 da 1974, wanda ya halaka bisashe ba adadi, gwamnati ta kafa gidajen hayayyafar dabbobi domin mayar wa makiyaya da garkunansu: Ibesetan a jahar Tawa, Sayam a jahar Difa domin shanun Kuri na tafkin Cadi, da Fako a arewacin Dakoro inda aka mai da hankali ga jan shanun Bororo. Farin 1984 ya sake nuna amfanin samun wurin da ake ajiye iri mai kyau. Daga baya aka shigo da ɗurin maniyyi, har da na shanun Turai masu nono. Wannan yana da amfani a garken da ke bakin birni, inda akwai inuwa da dusa da likita. Ga garken da ke yawon neman ciyawa kuwa, labarin shanun Beljik ya isa ishara.

Inda asarar take

Gidan kiwo komai girmansa ba zai iya wadatar da dubban garkuna da bijimai ba. Ainihin zaɓen iri a ruga da cikin gida ake yin sa, nan ne kuma ake asarar da ba a gani. In bukata ta taso, biki ko rashin lafiya ko sayen hatsi lokacin bazara, dabbar da ta fi kyau ita ake ja zuwa kasuwa, domin ita ce mai kuɗi. In Layya ta gabato, raguna mafi girma su ake turkewa, dillalai su kwashe su zuwa Maraɗi da Yamai, da ma kuma sun saba bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwannin Najeriya. Wanda ya rage a garke yana barbara sau da yawa shi ne wanda mai saye ya ƙi: tsumburarre, mai siririyar cinya. Shekara bayan shekara ana yanka na kirki ana barin na baya, sai garke ya dinga ƙanƙancewa, mai shi yana ɗora wa fari laifi shi kaɗai.

Lissafin ba shi da wuya. Saniya ɗa ɗaya take bayarwa, a wannan ƙasa ma ba kowace shekara ba. Bijimi ɗaya kuwa yana iya hawa shanu 25 zuwa 30 ko fiye a shekara, rabin gadon kowane maraƙi kuma nasa ne. Shi ya sa masana ke cewa bijimi rabin garke ne. Kuskuren zaɓen saniya maraƙi ɗaya yake shafa, kuskuren zaɓen bijimi kuwa yakan shafi zuriya sukutum. Wata illar ita ce barin bijimi ɗaya ya daɗe har ya hau ƴaƴansa, domin ta haka ne lahanin da ke ɓoye yake haɗuwa daga uba da uwa ya fito fili, kamar yadda ya faru ga aladun Turai. Manomin Kornaka bai taɓa cinye zangarniyar da ta fi cika ya ajiye ƙwamusasshiya don iri ba. Yakan ware mafi kyau tun a gona, ya rataye ta a rumbu, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta. Abin da ake nema ga mai garke ke nan.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ware uban garke tun kafin a yi maganar kasuwa. A duba faɗin gadon baya da cikar cinya, amma a haɗa da tarihin uwarsa: tana da nono, tana haihuwa ba wahala, ta ratsa rani a tsaye. A duba ƙafafunsa da haƙoransa da halinsa. Na biyu, mazan da ba a zaɓa ba a dandaƙe su da wuri a ma'aikatar kiwo, su ne na turka da na kasuwa; dandaƙaƙƙe ma ya fi kwanciyar hankali, namansa kuma ya fi taushi. Na uku, a canja bijimi bayan shekara uku ko huɗu, rago da bunsuru kuwa kafin haka, ta hanyar musanya da garken da ba dangi ba. Na huɗu, in harawa da dusa sun yi kaɗan da rani, a fara da masu ciki. Na biyar, mahauta su bar dabbar da ta sha tafiya ta huta ta sha ruwa kafin a sa mata wuƙa.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa a rubuta ranar haihuwar maraƙi, sunan uwarsa, ubansa, da kewayen ƙirjinsa in an auna da igiya bayan kowane wata uku. Irin wannan rubutu ne, ba wani abu ba, aka fara da shi a Tukunus, shi ne kuma yake nuna wace zuriya ke girma da wace ke cin ciyawa a banza. Ƙungiyoyin makiyaya da na mata masu turka suna iya haɗa kuɗi su riƙe rago ko bunsuru ɗaya na gari wanda ba na sayarwa ba ne. Hukumomin gunduma da sarakunan gargajiya da ma'aikatan kiwo kuma su taimaka wajen sada makiyaya da gidajen kiwo, su saurari tsofaffin ruga kafin a kawo musu baƙon iri.

Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba, farashin kasuwa ma haka. Amma wane namiji ne zai zauna a garke, wannan a hannun mai garken yake, kuma sakamakonsa yana bin dabbobinsa har jikoki. Azawak da Bororo da Balami da jar akuya gado ne da kakanni suka tace cikin ɗaruruwan shekaru na rana da ƙishirwa. Ana iya ƙara musu nama ba tare da an rage musu juriya ba, muddin mafi kyawunsu ya tsira daga wuƙa har ya bar baya.